Hob mai ƙara da na sa wa kekena

Shekarun baya, lokacin da hawan keke ya zama yayi a tsakanin ma'aikatan Abuja masu neman rage tumbi, ni ma na shiga sahu. Duk Asabar da safe muna zaga Maitama ni da wani abokina ɗan Filato, wanda muke ofis ɗaya. Ni ne a gaba kullum, shi yana bin bayana, ba don na fi shi ƙarfi ba, sai don na fi shi son a gan ni.

A lokacin ne aka fara shigo da wani sabon hob, wato curin ƙarfen nan da ke tsakiyar tayar baya. Na da shiru yake. Shi kuwa sabon, da zarar ka daina taka feda sai ya kama ƙara kamar an taɓo gidan zuma. Abokina ya nace sai na saya. Ya ce haƙoran cikinsa sun fi yawa, kana takawa yake kamawa, babu ɓata lokaci. Na ce masa ni ba tsere nake yi ba, kuma na baro hayaniyar gida ne don in samu shiru, ba zan sayi wata da kuɗina ba. Na kuma tambaye shi, tunda abin ya burge shi haka, me ya hana shi sa wa nasa keken? Sai ya yi dariya ya canja magana.

Mun daɗe muna wannan musu, a hanya, a ofis, har wajen mai shayi. Ni fa daɗin abin nake ji, don a ganina kullum ni ke cin nasara.

Wata Asabar muna gangarowa, na hango rami, na saki feda na rage gudu. Sai kawai na ji abokina ya daki tayata ta baya. Muka zube mu biyu, ya kurje gwiwa. Na buɗe baki zan fara tsokanarsa, sai na ga ya zauna a bakin kwalta bai ko kalli ciwon ba.

“Oga, ido na ne,” in ji shi. “Likita ya ce yana tafiya small small. Idan ka rage gudu ba na gane da wuri. Amma kunne na yana lafiya.”

Ashe dalilin ke nan. Hob ɗin ba ya kuka sai an saki feda, wato daidai lokacin da na baya yake buƙatar sani. Matarsa ta riga ta ce ya ajiye keken, shi kuma wannan fita ta Asabar ita ce abin da yake jira duk mako. Kunya ce ta hana shi faɗa mini, shi ya sa ya ɓuya a bayan zancen haƙora.

A makon na je aka sa mini. Har yau ban yarda ya fi tsohon da wani abin kirki ba, kuma na gaya masa haka. Sai dai na koyi sakin feda kafin kowane rami da kowace kwana, ko da ban gaji ba. A haka muka ƙara samun kusan shekara guda a kan hanya kafin idon ya ƙi gaba ɗaya.

Abin da ya zauna mini shi ne, mutum kan yi ta musu da kai a kan ƙarfe alhali wani abu daban yake roƙo. Yanzu abokin nawa yana zaune a unguwar Gudu, ba ya fita shi kaɗai. Idan na je gaishe shi, nakan saki feda tun daga kan layinsu. Kafin in isa, sai in tarar ya lalubo ƙofa ya buɗe da kansa.