Yadda Jibo Ya Zama Sarkin Baka

Jibo na ƙauyenmu, kusa da Bande, ɗan maharbi ne jikan maharbi, amma har ya fara furfura bai taɓa kawo ko zabo gida ba. Ƙarfin jan baka kam Allah ya ba shi, samun abin da ya auna ne aka hana shi. In ya auna gada a gindin kalgo, sai kibiyar ta bi ta samanta ta tafi gai da mutanen Magariya. Shi da bakinsa yake cewa duk naman da ke son tsawon rai ya tsaya daidai inda ya auna. Yana faɗa yana dariya, amma abin na cinsa a rai. Burinsa ɗaya ne, a kira shi maharbi kafin ya bi ubansa.

Sai farin 1973 ya zo ya share daji, ko zomo ya zama labari. Da Sarkin Baka ya rasu bayan shekara biyu, dattawa suka rasa abin da za su gwada magada da shi. Mu kuwa ba ma rasa dabara: tunda babu nama, wanda kibiyarsa ta fi nisa shi ne sarki. Jibo ya kai wa maƙeri bakin kibiya aka goge ya sirance, ya zaɓo kyauro marar nauyi.

Aka sa rana bayan an gama ɗaure gero, kaf garin ba wanda ya tuna ran nan ne ake sakin dabbobi cikin gonaki. Kowa ya harba, aka ga inda tasa ta faɗi. Ta Jibo ta ɓace wa ido. Can bayan karan wata gona aka tarar da ita a wuyan akuyar matarsa Saratu, akuyar da ita kaɗai ta tsira musu daga fari, kuma da nononta ake dama fura a gidan. Liman ya yi maza ya yanka kafin ta zama mushe.

Aka naɗa Jibo da ganga. A al'adar maharbanmu naman farko ba ya shiga gidan wanda ya harbe shi, don haka gari ya cinye, ana ta yaba hannunsa.

Saratu ba ta yi faɗa ba. Kullum da hantsi takan dama fura da ruwa zalla, ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Baka, a sha."

Haka ya riƙa shanyewa har damina biyu, bai taɓa tambayar ina nono ba.