Tulun da Na Juye wa Wutar Kawu

Wata Laraba ce cikin bazara, ina aji huɗu a firamare, zamanin da Argungu take ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Na ɗauko ruwa daga rijiyar bakin fadama, tulu a kaina, sai na hango hayaƙi yana tashi daga dutsen da ke bayan ƙauyenmu na hanyar Gulma. Na nufi can da sauri, don na san masu zama a wurin. Rema ne, dabbobin nan masu girman zomo, ga gajerun kunnuwa, babu wutsiya. Kullum da hantsi sukan fito su shanya jikinsu a kan dutse, ɗaya ya hau can sama yana gadi, da ya ga shaho sai ya ƙwalla ƙara kowa ya shige rami. A makon nan na ga wata uwa da 'ya'yanta biyu, suna hawa bayanta kamar jikoki sun samu kaka.

Da na isa, Kawu Bawa, ƙanen mahaifiyata, ya toshe ramuka da duwatsu ya bar guda, ya cusa kara da busasshen barkono a ciki ya kunna, yana tsugune da sanda yana jiran su fito ya samu nama. Ina jin tarinsu daga ciki. Wallahi ban yi shawara da kowa ba, na juye tulun nan kaf a kan wutar, har da ƙafafunsa.

"Ke ɗiyag ga, mi kinka yi?"

"Akwai jarirai ciki, Kawu."

Na sha bulala a gida, na koma rijiya sau biyu, aka ce in durƙusa in ba shi haƙuri. Na durƙusa, amma bakina gum. Inna ta ce, "Wanga taurin kai nata sai Allah." Washegari na je na cire duwatsun, na ga uwar ta leƙo da 'ya'yanta.

Yanzu masu fasa dutse sun cinye rabin wurin, tifofi na kwasa zuwa gine-ginen birni, yaran ƙauyen ma ba su san rema ba. Kawu ya tsufa, idan na je gaishe shi yakan ce yana jiran haƙurinsa har yau. Sai in yi masa addu'a, in ajiye masa goro. Haƙurin nan kam ba zan ba shi ba.