Jawabin da Aka Yi a Gindin Bene

Ko da tsufa zai kwashe min komai, ba na jin zai taɓa ranar nan ta taron likitoci. Shekara biyu ke nan da sojoji suka koma bariki, ni kuma sabuwar likita ce, ina zaune gidan iyayena a Agege. Shugabata a asibiti wata dattijuwa ce Bayarabiya, Hausa a bakinta kamar 'yar Kano. Kowa Mama yake ce mata. Ta yi shekaru tana yi wa matan unguwarmu masu yoyon fitsari aiki, ni nake rubuta mata bayanansu.

Da aka kira taron ƙwararru kan cututtukan mata a wani otal, aka sa sunanta cikin masu jawabi. Sai da na goge lufayata sau biyu saboda ɗoki. A bakin ƙofa mai rajista ya dube mu ya ce kujerun nas-nas suna baya. Mama ta miƙa masa katinta kawai.

Babban teburi kuwa maza ne reras, tun daga wannan ƙarshe har wancan. Yini guda suna magana a kan mahaifa da naƙuda, ita an ajiye ta a ƙarshe. Da aka zo kanta, shugaban taro ya duba agogo ya ce lokaci ya ƙure, a wuce cin abinci.

Hawaye suka cika min ido. Na ce, "Mama, mu tafi gida."

Ta ce, "'Yata, matan nan sun yarda na faɗi ciwonsu. In koma in ce musu me?"

Ta tsaya a gindin bene ta buɗe takardunta ta fara. Da farko ni kaɗai ce a gabanta. Can wasu ungozomomi suka matso, sai ɗalibai mata, sai wani likita da farantinsa a hannu, har shinkafarsa ta huce bai sani ba. Ba lasifika, ba tafi. Ban sake jin jawabi irinsa ba.

A cikin danfo, motar haya ta Legas, muna komowa ta yi ta ba ni dariya, kamar ba abin da ya faru. Sai da na girma na gane gajiya ce take ɓoyewa. Ba ta ƙara shekara uku a duniya ba.

Yanzu ni ma ana kira na in tsara taruka, kuma har yau idan na gama wani aiki mai wuya, ita nake fara marmarin gaya wa. Abin da ranar ta koya min shi ne, duk lokacin da aka miƙo min jerin masu magana, in tambaya wace ce ta yi aikin, kuma a ina aka sa ta.