Taliya da Marga

Ranar da Yayana ya dawo daga Tarabulus, Inna ta yi guɗa har muryarta ta dishe, ni kuwa na yar da tulu a bakin tabki na sheƙo gida ko kallabi babu. Tun ina 'yar mitsitsiya ya bi wani falke Balarabe yana ja masa raƙumi, zamanin da ba wanda ya taɓa ganin Nasara a ƙasar nan, kuma har Babanmu ya rasu ba mu ji ɗuriyarsa ba. Sai ga shi tsaye a ƙofar gidanmu na Madarumfa, dogo, da gemu, da jar hula, Hausarsa duk ta karkace.

Murna ba ta gama shiga jikinmu ba ya faɗa mana gaskiya. Ayarinsu ya wuce Kano, in ya juyo zai bi shi ya koma. Gaisuwa kawai ya zo yi. Abin da ya fi cin ran Inna kuwa, ba ya cin abincinmu. Ta tuƙa tuwon gero da miyar kuka da kifin tabki, ya yi loma biyu ya ce alhamdu lillahi. Ta dama fura, ya kurɓa ya ajiye. Wata rana tana kankare tukunya ta ce mini, "Auta, yaron nan tafiya zai yi. Kin ga ko tuwona ba ya ci. In ya tafi wannan karon, ni da shi sai a lahira."

Lokacin ina gidan aure, danga ɗaya ta raba ni da gidanmu. Na tsallako na same shi a gindin ɗurumi, na ce, "Yaya, wai don Allah mi kake ci a can da har ka raina tuwon Inna?"

Ya ce ba raini ba ne, baki ne ya saba da wani abu. Maƙwabciyar ubangidansa wata Banasara ce daga tsallaken bahar, cikin mutanen da ake kira Taliyan, ita ta koya wa gidan. Ana kwaɓa garin alkama, a murza shi siri-siri, a shanya, a dafa. "Taliya ke nan," in ji shi. Sai ya lumshe ido ya haɗiyi yawu. "A zuba mata marga, ja jawur. Kai, Auta, marga!"

Marga? Wa bai san marga ba? Ga itacenta can bayan gari, saiwarta muke jiƙawa mu sha in ciki ya murɗa. Ɗacinta kuwa sai wanda ya sha. Na ce a raina, ashe shi ya sa Larabawa ba su da tumbi. Ban ƙara tambayarsa komai ba, don so nake in ba shi mamaki.

Wayyo, irin rawar jikin da na yi! Na roƙi maigidana ragowar alkamar garkarsa ta bakin tabki, na niƙa a dutse, na tankaɗe, na kwaɓa, na zauna ina murzawa har tafin hannuna ya yi zafi. Na ɗauki hauya na je na tono saiwar marga mai kauri, na kankare, na dafa. Ruwan ya juya ya yi ja, na ce yawwa, ga jan da ya faɗa! Na jefa daddawa, na sa man shanu. Da na ɗanɗana sai da hawaye suka zubo mini, amma na ce ai su suka san daɗin abinsu.

Na kai masa cikin akushi, na durƙusa, ina ta washe baki. Inna na gefe tana kallo. Da ya buɗe ya ga taliya, fuskarsa ta haskaka. Ya yi bisimilla ya kai loma. Sai na ga idanunsa sun fito, ya miƙe zumbur ya tofar a gindin danga.

"Ke! Kashe ni za ki yi? Mi kika zuba a nan?"

"Marga mana. Ba kai ka ce marga ba?"

Ya tsaya yana kallona. Sai kuma ya fashe da dariya, ya riƙe ciki, ya zauna dirshan a ƙasa har jar hular ta faɗi. Cikin dariyar nan Hausarsa ta miƙe sarai, irin ta gidanmu. "Kai, wagga yarinya! Inna, ɗiyarki ta dafa mini maganin ciki!" Da ƙyar ya iya bayani. Ashe a bakin Larabawan can, miya ita ake ce wa marga.

Haushi ya turnuƙe ni. Na ce, "To wa ya hana ka ce miya? Ka tafi ka dawo ka manta da sunan miya, sannan ni ce abin dariya?" Inna ma dariyar take yi tana share ido da bakin zane. Ran nan ne ta fara jin ya yi dariya tun dawowarsa.

Don ya lallashe ni ya ɗauko burgaminsa, ya zazzage ragowar guzurin hanya. Cikin ɓarɓashin akwai wasu abubuwa jajaye, busassu, duk sun yamutse. Ya ce wannan ne tumatir, kamar gauta yake amma ba ɗaci, da shi ake miyar. Na ɓare ɗaya, sai ga 'ya'ya a ciki ƙanana. Ban ce a ba ni ba, na tattare na ƙulle a bakin zanena.

Sanyi ya shigo, ruwan tabki ya fara ja da baya. Na sa maigida ya yankar mini gefen garka, na shuka, na kewaye da ƙaya saboda awaki. Safe da yamma ina can da tulu. Ranar da suka tsiro na yi tsalle har na taka albasar mutane. Mata masu zuwa ɗiban ruwa suna ta cewa wannan abu da zai yi ja kamar jini ba na ci ba ne. Na ce ba wanda ya gayyace ku.

Yaya da farko zuwa yake yi ya tsaya nesa yana tsokanata, wai yaya margar tawa. Daga baya ya fara cewa ba haka ake yi ba, na cushe su wuri ɗaya. Kafin in ankara ya naɗe wando ya shiga laka, yana cirewa yana dasawa, yana kafa musu kara su jingina. Ni dai na ƙyale shi, don kada ya lura da kansa.

Suna fara nuna, wani da ya dawo daga kasuwar Jibiya ya ce ayarin Larabawa ya baro Kano, ya sauka Katsina. Inna ta ji, ta tashi ta shige ɗaki. Washegari da sassafe na cika ƙwarya da tumatir, na kafa murhu a tsakar gidan Inna, na ce, "Yaya, yau ka tsaya a kaina. In ta ɓaci, kai ka ɓata."

Ai kuwa ya tsaya! Ya sa na tsoma su a ruwan zafi na saɓule bawon. Na nufi dutsen niƙa, ya ce a'a, da hannu ake matsewa. Man da suke amfani da shi a can na wani itace ne da ba mu da shi, muka sa man gyaɗa. Tafarnuwa ta fara shiga, ya ce kada in yarda ta ƙone, sannan albasa, sannan tumatir. Tukunya ta yi cuuu, wani ƙamshi ya tashi wanda ban taɓa ji ba, har maƙwabta suka fara leƙe ta danga. Ya sa gishiri da ɗan barkono, ya zare itace daga murhu, wai a hankali take so.

Sai ga Inna ta matso da hannu a dunƙule.

"Inna, mi ke hannunki?" in ji Yaya.

"Ba komai."

"Daddawa ce. Don Allah kada ki sa."

"Miya ba daddawa? Ba kanwa? Wannan ai ruwa ne aka yi wa kwalliya!"

Sai da na shiga tsakaninta da tukunya. Ta koma ta zauna tana gunaguni, daddawar na hannunta.

Da ruwan ya tsotse, mai ya taso sama, Yaya ya ce saura ganye ɗaya da ba za a samu a nan ba. Yana kwatanta ƙamshinsa, na zagaya bayan ɗaki na tsinko ɗoɗɗoya, wadda muke korar sauro da ita. Ya murza ya shinshina. Ya ce, "Ita ce. Ashe tana bayan ɗakin Inna."

Na dafa taliya, na tsame, na zuba miya. Ya ci, ya ƙara, ya suɗe akushi. Na ce, "To, Yaya?"

"Ta yi daɗi," ya ce. "Amma ba ta kai ta can ba. Ruwa ya yi wa tumatirin yawa, kuma an makara wajen shuka."

Wallahi ji na yi kamar in kifa masa tukunyar. Duk wahalar nan! Na juya baya ina haɗa kwanuka da ƙarfi don kada ya ga idona. Inna ta sunkuyar da kai, ta buɗe hannu ta ajiye daddawar a ƙasa.

Sai na ji ya ce in miƙo masa faifai. Na miƙa ba tare da na dube shi ba. Ya jawo ƙwaryar, ya zaɓi manyan da suka rage, ya dinga matse 'ya'yansu a kan faifan yana bazawa da yatsa.

Na ce a fusace, "Guzurin hanya ne kuma?"

"Iri ne," ya ce, bai ko ɗago ba. "Baɗi da ruwa ya fara janyewa zan shuka, can sama kusa da tudu. Ke ba ki iya ba."

Inna ta ɗago kai a hankali. "Yaushe ka ce?"

"Baɗi, Inna."

Ba ta yi guɗa ba. Tashi ta yi ta karɓi faifan da hannu biyu, ta ɗora a kan rufin ɗakinta inda kaji ba sa kaiwa, ta jawo kujera ta zauna a ƙarƙashi tana gadi har rana ta faɗi.