Hannun Hagu na Baba: Daga Tiga Zuwa Doguwa

Wajibi ne in fara da bayyana inda na samo abin da zan faɗa. Abin da ya shafi hanya, da idona na gan shi a tafiyar da muka yi bayan girbin bana. Abin da ya shafi kwanakin mahaifina na ƙarshe kuwa, daga bakin mutane na ji, kuma ba su dace da juna a kan komai ba. Ko ranar rasuwar, wasu sun ce Talata, wasu Laraba. Bayanin tiyatar daga likitan da ya sallame mu na samo shi, sai abin da na karanta a jami'a. Ni ba likita ba ne, ilimin aikin sassan jiki na karanta, saboda haka inda na kuskure a gyara mini.

An yi wa Baba aikin zuciya a ƙasar waje. Jijiyoyin da ke shayar da zuciyarsa sun toshe, sai aka yi wa jinin hanyar kewaye da wasu jijiyoyi biyu: ɗaya daga cikin ƙirjinsa, ɗaya daga hannunsa na hagu, wato wadda ake dannawa a wuyan hannu a ji bugun jini. Likitan ya ce ana sa ran irin waɗannan su fi jijiyar ƙafa daɗewa a buɗe, sai dai ta hannun takan tsuke, jinin ya ragu, shi ya sa aka ɗora shi a kan magani. Hannun bai mutu ba, domin wata jijiyar ta gefen ƙaramin yatsa tana ciyar da shi. Amma duk wanda ya danna inda aka saba dannawa, ba zai ji komai ba.

Da ya ji sauƙi, sai ya fita shi kaɗai zagayen godiya ga waɗanda suka yi masa addu'a. A ƙasar Doguwa ya faɗi, a can aka binne shi. Ina bautar ƙasa a kudu, saƙo bai iske ni ba sai da aka share makoki. Abu ɗaya ya fitar da ni: in san wane hannu aka taɓa masa da ya faɗi. Idan hagu ne, mai yiwuwa an ɗauka ya cika alhali da sauran rai, aka bar shi a lokacin da ya kamata a nufi asibiti.

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wani ɗan kawuna, a cikin tsohuwar Fijo ta haya. Gidajen mai duk a rufe, direba ya sha mai a hannun 'yan bumburutu a kan ninkin farashi, sannan ya yi ta huce haushinsa a kan ramukan hanya. Muka ratsa ƙasar Bebeji, dawa a tare a gonaki, muka isa Tiga da hantsi.

A nan Baba ya yi yawancin aikinsa, a sashen rarraba ruwan noman rani. Wani tsohon abokin aikinsa ya zaunar da mu a bakin ruwa, aka kawo soyayyiyar karfasa mai zafi. Da na tambaye shi maganar hannun Baba, sai ya fashe da dariya, daga baya ya share ido.

"Ai mu ya nuna mana. Ya naɗe hannun riga ya ce, 'Ku zo ku taɓa gawa.' Muka yi ta dannawa, shiru. Na ce, 'To Alhaji, tunda ka riga mu gidan gaskiya, kifin nan ba da kai ba.' Shi ya fi kowa ci."

Ya ce Baba ya bayyana musu cewa sabon kanal, wato hanyar ruwa, aka haƙa masa domin tsohon ya cushe. Kwatancen bai cika daidai ba, domin kanal ba ya tsukewa da kansa, amma ban gyara ba. Muryar Baba nake ji a cikin maganar, ban so ta yanke.

Daga Tiga muka wuce Kiru, a can muka hau acaɓa zuwa Ba'awa, wurin Gwaggo, ƙanwar Baba. Tun daga nesa ta tsaya cak tana kallona. Ta ce tafiyata ce ta rikita ta, ta ɗauka shi ne. Ta yi mana dambu da zogale, irin wanda ta yi masa.

"Gwaggo, ya gaya miki maganar hannunsa?"

"Wane hannu? Yaya ne zai nuna mini ciwo? Tun muna yara ko ƙaya ya taka, sai dai in ga jini a ƙasa. Rigarsa har wuyan hannu, ya zauna nan inda kake, ya ce gishirina ya yi yawa, ya kuma ƙara."

A nan na gane cewa ba kowa ya gaya wa ba. Abokan wasa ya nuna wa. Waɗanda za su yi kuka, ya ɓoye musu.

Muka komo Kwanar Ɗangora muka sha shayi, muka kama hanyar Tudun Wada, inda buhunan shinkafa suka cika bakin kasuwa. A can, aminin Baba, wanda Baba ya kwana a gidansa, ya ce a kan hanyar masallaci ya ga Baba ya tsaya, ya dafe ƙirji, ya ce wai gonar shinkafa yake kallo. Na tambaye shi ko ya ga yana shan magani.

"Na ga yana jefa wani abu a baki, ɗana. Amma kada in yi maka ƙarya, ko ƙwaya ce ko goro, ban sani ba."

Haka na karɓi maganar, ban ƙara mata ba, ban rage ba.

Washegari muka shiga dajin Falgore. Iska ta yi sanyi, birai suna zaune a gefen kwalta kamar masu jiran mota, ɗan kawuna ya ce su ma layin mai suke bi. Ina ƙarami, duk sa'ad da muka bi nan, Baba yakan rage gudu ya ce in gaishe da kawunnaina. Na ɗaga musu hannu, muka wuce.

A bayan Doguwa, inda duwatsu suka fara tashi, akwai rugar da Baba ya ba wa kiwon 'yan shanunsa tun da daɗewa. Ita ya nufa ranar da ya faɗi. Ardon rugar, dattijo dogo mai sanyin murya, ya tarbe mu da "Jaɓɓama," aka kawo fura da kindirmo. Sai da muka sha, muka yi wa juna ta'aziyya, sannan ya ba da labari.

Babban ɗansa ne ya tsinci Baba da hantsi a gindin wata ɗorawa. Ya kira shi, bai amsa ba. Ya taɓa hannunsa, bai ji komai ba. Sai ya lulluɓe shi da bargonsa, ya bi gonaki yana tara mutane. Kafin su taru rana ta yi tsaka. Ardo ya ce da suka iso jikin ya yi sanyi, kuma waɗanda suka yi masa wanka sun tabbatar mini ya sandare. A kan wannan ba ni da shakka: ba a binne Baba da rai ba. Abin da ban sani ba shi ne abin da ke tsakanin hantsi da tsakar rana. Na taka daga ɗorawar zuwa kwalta da ƙafata. Ba nisa, kuma motoci suna wucewa.

"Baffa, wane hannu ya taɓa?"

Ardo ya dubi hannayensa biyu, ya juya su.

"Ɗana, ba na wurin. Mu dai da dama muke gaisawa, ita hannu ya saba nema. Amma ni a kwance na same shi a kan damansa, fuskarsa gabas, hagun ne a sama."

"Shi ya kwanta haka, ko juya shi aka yi?"

"Ban tambaya ba. Ɗan nawa da ya sani ya yi kudu da shanu, ba zai dawo ba sai ruwa ya sauka. Kuma ko ya dawo, ban ce zai tuna ba. Ranar kuka yake kamar ubansa ne ya rasu."

Suka kai mu kabarin. Sun zagaye shi da ƙaya saboda dabbobi, sun share ciyawar da ke kai. Na durƙusa na yi addu'a, na daɗe ban tashi ba. Ba bayani nake so a lokacin ba. So nake ya ce mini in tashi, wandona zai yi datti.

Muka sayi rake a Doguwa saboda mutanen gida, muka iso Kano da magariba. Mahaifiyata ba ta tambaye ni sakamako ba, ta ce, "Ka ga wurin? Da inuwa?" Na ce da inuwa.

Tafiyar ta koya mini cewa duk wanda aka cire wa wannan jijiya, a sanar da waɗanda yake zuwa wurinsu, ba mutanen gida kaɗai ba: a taɓa ɗaya hannun ko gefen wuya, a duba numfashi. Ta kuma nuna mini cewa Baba ya bar kewa a kowane gidan da ya shiga, ba ni kaɗai nake ɗauke da ita ba. Na san ajali ba ya jinkiri, kuma ba na zargin mutumin da ya cire bargonsa ya rufa wa mahaifina. Ban san ko sabuwar jijiyar ce ta tsuke ba, ban san ko asibiti zai iya wani abu ba. Amma idan damina ta faɗi zan koma, domin tambayar tana nan yadda na fita da ita: a lokacin da aka taɓa hannun Baba aka ji shiru, zuciyarsa ta tsaya, ko tana bugawa?