Inna Sahura da Jaririn Roba

A makarantar koyon aikin lafiya da nake koyarwa a Anka muna da jaririn roba guda, kunnensa ɗaya ya ɓalle. A kansa ɗalibai ke koyon duba yaro kafin a sake su kan 'ya'yan mutane. Wata ɗaliba ta goya shi ta zama uwa, wani ya zama ma'aikacin asibiti. Uwayen nan kuwa bakinsu kamar rediyo, kafin a tambaye su sun zazzage komai, har da sunan maganin.

Sahura 'yar Abare ce, dafaffiyar gyaɗa take sayarwa a gindin tagar ajin. Wata rana ta leƙo ta ce, "Malama, wace uwa ka magana hakanga gaban mutane?"

Na ji haushi, na ce in ta iya ta shigo ta gwada. Ta aje farantinta ta shigo, ta goya jaririn, ta zauna kan tabarma, ta ce ni in zauna gefenta a matsayin surukarta. Ɗalibi ya tambaye ta jikin yaro. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi." Ya juya tambayar ta ko'ina, amsar ba ta canza ba. Ya rubuta paracetamol ya sallame ta.

Daga baya ta ba ni labarinta. Shekarar da gubar dalma ta shiga Abare, lokacin da maza ke niƙa dutsen zinare a tsakar gida, ɗanta na fari ya fara shiɗewa. Wani ma'aikacin lafiya ya zo kan babur yana bin gida-gida. Ya tambaye ta a gaban surukarta. Uwa kuwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗi, wannan kunya ce da aka tashe mu a kai. Ta ce da sauƙi. Mutumin ya wuce gidan gaba, yaron bai kai Juma'a ba. Har a cikin labarin, "yaron nan" kawai take cewa.

Tun ranar ta zama uwar jaririn roba, ɗalibai na kiranta Inna. Na yi musu bayanin kunyar nan a aji, sun rubuta, sun haddace. Amma da sun ji "da sauƙi" sai biro ya fara gudu. Duk wanda ya sallame ta na kayar da shi. Ƙorafi ya kai ofishin shugaban makaranta, ya ce in jarrabawar ƙarshen zango ta zo ba wanda ya tsallake ta, ta koma kan gyaɗarta. Na ji tsoro, domin in ta tafi an koma 'yan rediyo ke nan. Na roƙe ta ta ɗan sassauta.

Ta ce, "Gara su hwaɗi nan, Malama. Wanga ɗan roba na, ba a kai shi kushewa."

Ranar jarrabawa masu ƙoƙarin ajin suka yi ta zubewa. Sai ga Mansura, 'yar Gummi, wadda ni kaina ban sa mata rai ba saboda sanyinta. Ta gaishe mu, ni ina gefen Sahura a matsayin suruka kamar kullum, ta tambayi mai jiki, aka ba ta amsar da aka ba kowa. Ba ta taɓa biro ba. Ta tsaya tana kallon hannun Sahura, wanda ya damƙe ƙafar jaririn a ƙarƙashin mayafi.

"Inna, ɗan fari ne?"

Sahura ta ƙara sunkuyar da kai. Mansura ta juyo gare ni cikin ladabi ta ce, "Kaka, don Allah a taimaka mini da ruwa a kofi." Yarinya ta kori malamarta daga aji! Na fita na laɓe a gindin taga, kusa da farantin gyaɗar.

Mansura ta sauka daga kujera ta zauna kan tabarma. "Inna, ba kowa yanzu, ni da ke na. Mi as sunanai?"

Na kasa kunne. Sai na ji murya can ƙasa.

"Lirwanu." Ta ja numfashi. "Tun shekaranjiya shina shiɗewa, bai shan nono. Ki taimake ni, ɗiyata."

Wannan ba muryar wasa ba ce, sunan ɗanta na fari ta faɗa. Ni mai bayar da maki na tsaya a waje ina kuka, ba ruwan da na ɗebo. Da na koma ciki na tarar Mansura ta kwantar da jaririn ta gefe ɗaya tana rubuta takardar tura shi babban asibiti.

Sahura ta goge ido da gefen mayafi, ta karɓi jaririn ta gyara goyo.

"Malama, dawo ki zamna," ta ce. "A turo na gaba."