Asabar ɗin da Baba ya tsaya mini a bakin duro

Shekarar da na shiga kwalejin koyon sana'a da ke bayan kamfanonin Sharaɗa, ko filin ƙwallo ba mu da shi. Mu muka share wani kango a bayan ɗakin kwanan ɗalibai, 'yan ajin walda suka haɗa mana raga da tsofaffin bututu, muka ja layi da toka. Malamin lantarki ne alƙalin wasa. Ba shi da usur, sai dai ya ƙwanƙwasa sifana a jikin gwangwani. Rabin wasan gardama ce a kan satar gida, don kowa da irin dokar unguwarsu. Ni ne gola, ba wai don na iya ba, tsawo kawai Allah Ya ba ni.

Da safe ina aji, da yamma ina wani kamfanin fata a Challawa. Aikin nan shi ke riƙe da karatuna, in na rasa shi sai dai in tattara in koma ƙauye. Abokin aikina a wajen duron da ake jiƙa fatu wani dattijo ne Kirista, mutumin Filato, kowa Baba yake ce masa. Shi yana aikin safe, ni nake karɓarsa.

Akwai wata al'ada a kamfanin. Ranar Juma'a Kiristoci su tsaya wa Musulmi, ranar Lahadi mu rama musu. Heluma, wato shugaban leburori, ya san da wannan, ba ya cewa uffan. Amma don ibada kawai aka yarda. Wanda ya yi musanya don wata hidimarsa, kora ce.

Sai ga shi an sa mana wasanmu na farko da wata kwaleji, ranar Asabar bayan la'asar, daidai lokacin aikina. Ni kuwa da ƙuruciya da taurin kai, na ɗauka musanya duk musanya ce. Na roƙi Baba ya tsaya mini. Ya ce in tafi, amma kada in bari a zura mini ta tsakanin ƙafafu, don shi ma ya tsare raga a zamaninsa.

Muka fita cikin singileti da muka rina da shuɗi, zufa na karyo mana, rinin na bin jikinmu. Aka ɗura mana huɗu ba ko ɗaya. Ta ukun ma ta tsakanin ƙafafuna ta wuce, ɗalibai suka yi ta yi mini tsiya har wajen cin garau-garau.

Ranar Litinin na je aiki, na tarar da baƙuwar fuska a bakin duro. Na tambayi ina Baba. Aka ce ai heluma ya zaga ranar Asabar, ya iske Baba yana aikin yamma bayan ya gama na safe. Da ya ce zai kore ni, sai Baba ya ce shi ne babba, shi ya ce in tafi, don haka laifin nasa ne. Maimakon kora, aka dakatar da shi mako biyu, ga shi da iyali.

Washegari na nemi gidansa a Panshekara. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran keke. Na durƙusa, wallahi kunya ta hana ni haɗa ido da shi. Na ce zan je in faɗa wa heluma gaskiya, a mayar da shi, ni a kore ni.

"Ni mako biyu ne, zai wuce," in ji shi. "Kai in aka kore ka, wa zai mayar da kai makaranta? Tashi, yarona, kada ka makara."

Na tashi na tafi aiki. Bayan shekara biyu na karɓi takardar shaidata, da ita nake ci da iyalina har yau. Ban taɓa iya gode masa yadda ya kamata ba, kullum na ɗauko zancen sai ya tambaye ni lafiyar mutanen gida. Allah Ya saka wa Baba da alheri.